Lilon Ƙyalle: Kafin Matasan Zakirai Su Ɗaga Ƙafa Daga Ƙasa

Da zarar an gama kaka a ƙasar Gabasawa, gero da dawa sun shiga rumbu, an rore wake, an jingine kara, sai gari ya shiga yanayin da duk wanda ya tashi a karkarar Kano ya sani. Manyan samari su saɓa jaka su tafi cin rani. Waɗanda suka rage, 'yan shekara 10 zuwa 17, su ne ke cika fili da la'asar: ƙwallo, langa, kokawa, alkafura a kan yashi, da lilo a jikin duk bishiyar da ta miƙo reshe.

Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, tana cikin yankin da masana irin su Michael Mortimore suka daɗe suna nazari a kai, saboda cikowar jama'a da yadda ake nome ƙasa shekara da shekaru ba a barin ta ta huta. Gona ce haɗe da gona, itatuwa kuma a tsaye cikin gonakin, kowace da mai ita: kuka, ɗorawa, tsamiya, gawo, kanya, darbejiya. Yaron da ya girma a nan ya iya hawa tun kafin ya haddace bakin allonsa. Ƙarfin hannu gare shi, tsoron sama kuma bai dame shi ba.

Yanzu ga waya a hannunsa. A cikinta yakan ga mutum ya kama dogayen ƙyallaye biyu da aka rataya daga sama, ya haye, ya naɗe su a ƙugu da cinya, ya juya kai ƙasa, sannan ya saki jiki ya wulwulo, ya tsaya cak saura kamu ɗaya ya taɓa daɓe. Wannan shi ne lilon ƙyalle. Baƙon wasa ne a ƙasar Hausa, amma yaron da ya kalle shi sau uku ba zai daɗe ba zai fara kallon zanen mahaifiyarsa da reshen tsamiyar ƙofar gida da wani ido daban.

Shugaban ƙungiyar matasa ko malamin wasanni da yara suka kawo wa wannan magana yana da amsoshi biyu masu sauƙi: ya hana, ko ya ce su je su gwada. Dukkansu ba su yi mini ba. Hani ba ya kashe sha'awa, bayan gari kawai yake kai ta, inda babu babba. Sakaci kuma da wuyan ɗan wani ake biyan sa. Ana iya shirya wasan cikin aminci, har a gari irin Zakirai, in dai an yarda da abu guda: ƙyallen da ya ja hankalin yaran shi ne abu na ƙarshe da za a saya.

Daga ina wasan ya fito

Wasannin sama sun daɗe a Turai. A 1859 wani Bafaranshe, Jules Léotard, ya fara nuna tsalle daga lilo zuwa lilo a birnin Faris. A kan tafkin wanka na mahaifinsa a Toulouse ya koyi abin, don in ya suɓuce ya faɗa ruwa, kuma ko da ya fito gaban jama'a katifu aka shimfiɗa masa. Na ƙyalle kuwa sabo ne. Ya yi suna ne a shekarun 1990, bayan Isabelle Vaudelle ta nuna shi a wani bikin wasanni a Faris a 1995, sannan kamfanin Cirque du Soleil na Kanada, wanda aka kafa a 1984, ya sa shi cikin wasansa mai suna Quidam a 1996. Daga nan ya bazu makarantu da gidajen motsa jiki a duniya.

Afirka ba a bar ta a baya ba. Akwai Circus Ethiopia da aka kafa a Adis Ababa a 1991, da Zip Zap a Cape Town a 1992, da Circus Baobab a Gini a 1998. Wanda ya fi kusa da zuciyata shi ne Sencirk na Dakar, wanda Modou Fata Touré ya kafa a 2010. Almajiri ne da ya yi rayuwar titi, ya samu mafaka a gidan yara na Empire des Enfants, a can ya haɗu da wasan, daga baya ya koma yana koya wa yara masu irin tarihinsa. Duk waɗannan wurare da malami da tsari aka fara su.

Nauyin da sikeli ba ya nunawa

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi. Yaro kilo 50 ne, reshe kuma ya sha ɗaukar ƙato mai kilo 80 da ya hau kaɗo tsamiya, to ina matsalar? Matsalar ita ce mai lilo ba a zaune yake ba. Duk wadda ta taɓa jan ruwa ta san yadda cikakken guga ke yi idan ya suɓuce ta cafke igiya a tsakiyar hanya: fizgar da za ta ji ta ninka nauyin ruwan, har tafin hannu ya ɗaye. Haka jikin mutum yake yi wa maratayi a duk lokacin da ya faɗo ƙyalle ya tare shi. Masu bincike a Montreal sun auna wannan fizga a jikin ƙwararrun 'yan wasan sama, suka samu a wani salon ta kusa ninka nauyin mai wasan sau 8. Saboda haka ne masu sana'ar ba sa amincewa da maratayin da bai iya ɗaukar kusan tan 1 ba ko da mutum ɗaya ne zai hau, wasu ma tan 2 suke nema, kuma ƙa'idarsu ita ce kowane ƙarfe da kowace igiya su fi ƙarfin aikin da za a ba su sau 10.

Da wannan ma'auni sai mu dubi abin da muke da shi. Bishiya ce za ta fara zuwa rai, kuma ita ce na fi jin tsoro. Babu wanda ke ganin cikin reshe. Gara da ƙwaro kan cinye shi ta ciki, bawo yana nan lafiya lau, ganye shar. Itacen kuka taushi gare shi, duk girman nan nata. Gawo ga ƙaya, ga saran da yake sha da rani don dabbobi, kuma wurin tsohon sara nan ne ruɓa ke shiga. Darbejiya kowa na ganin yadda iskar farkon damina ke karya rassanta. Tsamiya ta fi su tauri, amma masu ilimin itatuwa sun san cewa babban reshe mai lafiya yakan ɓalle haka kawai a ranar zafi, ba iska ba hadari. Ƙari a kan haka, gogar igiya a wuri guda tana cin bawo, ta raunana reshen a hankali. Kada a manta da amya: yaron da zuma ta taso wa yana rataye a mita 3 sakin hannu zai yi.

Wani dattijo zai ce, "Ai mu ma mun yi lilo a tsamiyar nan, ba abin da ya same mu." Gaskiya ne, kuma ba a raina maganar manya. Sai dai lilon da suka yi a zaune ne, kai a sama, ƙafa na shafar ƙasa. In igiya ta tsinke, mazaunai ne ke shan wuya. A lilon ƙyalle rabin aikin kai a ƙasa ake yin sa, abin da zai fara isa ƙasa kuwa wuya ne.

Rufin ɗaki ma haka. Azarar soro an jera ta ne don ɗaukar ƙasar rufi da ta kwanta a kanta baki ɗaya, ba don a fizge ta a wuri guda ba. Katakon rufin kwano na ajin makaranta kwano da silin kaɗai aka lissafa masa. Ƙugiyar fanka kuwa, wadda ido zai fara sauka a kanta a kowane zaure na zamani, fanka aka yi wa ita. Idan akwai ɗakin taro mai dogarin ƙarfe ko na kankare, injiniyan gini ne zai duba ya faɗi nauyin da zai ɗauka, ya rubuta, ya sa hannu. Wasu za su ce a rataya buhun dawa biyu a kwana a gani. Wannan gwaji bai isa ba, domin buhu ba ya tsalle, kuma abin da ya jure yau yana iya zama ya tsage ta ciki, gobe ya ƙarasa.

Abin da ya fi dacewa da gari irin namu shi ne turakun ƙarfe masu ƙafa uku ko huɗu, masu tsayuwa da kansu a fili. Muna da masu walda masu hannu, a Zakirai da Gezawa da cikin Kano, amma kaurin bututun, da irin haɗin, da faɗin ƙafafun, injiniya ne zai zana, mai walda ya bi zane. Tsayin mita 3 zuwa 4 ya wadatar da masu koyo na shekaru.

Sai ƙananan ƙarafan da ke tsakanin turaku da ƙyalle: ƙugiya mai kullewa, da majuyin da ke hana ƙyalle murɗewa, da zoben da ake ɗaura ƙyallen a jiki. Na gaske suna ɗauke da lambar ƙarfinsu a jiki, da haruffan kN. Kowane kN 1 kusan kilo 100 ne. Irin ƙugiyoyin da ake rataya makulli ko jaka da su a kasuwa kama kawai suka yi. Kuma ko na gasken, in an sa shi ba daidai ba, yana cin amana. Ranar 4 ga Mayu, 2014, a garin Providence na Amurka, mata 8 'yan wasan kamfanin Ringling suka rikito tare a gaban 'yan kallo, suka ji munanan raunuka, har da wani da ke tsaye a ƙasa. Ƙugiyar ƙarfe ɗaya ce ta karye. An yi ta don ɗaukar kusan kilo 4,500, abin da ke jikinta kuma bai wuce kilo 700 ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta gano cewa an ja ta ne ta fuska uku, alhali ta fuska biyu aka ƙera ta ta ɗauki nauyi. Wannan babban kamfani ne mai ma'aikata ƙwararru. Ƙungiyar unguwa ba ta da hujjar yin abin da ka.

Shi kansa ƙyallen ba atamfa ba ne, ba shadda ba, ba labule ba. Saƙar roba ce ta nailan ko foliyesta mai ɗan miƙewa, wadda ke shanye wani ɓangare na fizga kafin ta isa ƙugun yaro. Atamfa ba ta miƙewa, in ta samu 'yar ɓaraka kuma kecewa take yi har ƙarshe. Turmi yadi 6 ne, alhali turaku masu mita 4 suna buƙatar ƙyalle mai kusan mita 10 tunda ninka shi ake yi. Ke nan sai an kai wa tela ya haɗa, ɗinkin kuma nan ne zai buɗe. Kasuwar Kantin Kwari cike take da yadi iri-iri, amma mai shago ba zai iya faɗa maka kilo nawa yadinsa zai ɗauka ba, don ba don haka aka saƙa shi ba. A sayi wanda aka gwada aka rubuta ƙarfinsa. A kuma sani rana tana cin nailan. Wanda aka bari a fili cikin zafin bazara zai rasa ƙarfi tun launinsa bai gama koɗewa ba.

Abin da ke ƙasa

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma duk mai koyo sai ya suɓuce wata rana. Wanda ya faɗo daga mita 3 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 27 a awa. Dessi España, ƙwararriya 'yar shekara 32 da ta tashi a gidan 'yan wasa, ta rasu a watan Mayun 2004 a St. Paul ta jihar Minnesota bayan ta faɗo daga ƙyalle, daga tsayin kusan mita 9, a kan daɓen kankare.

Muna da yashi, kuma yashi ya fi daɓe. Amma hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, a ƙa'idarta ta filayen wasan yara, ta nuna cewa yashi mai zurfin santimita 23 faɗuwar da ba ta wuce mita 1.2 ba kaɗai yake karewa. Ga shi kuma yana daddaɓewa da tattaki. Abin da ake buƙata katifar wasanni ce mai kaurin santimita 20 zuwa 30, mai faɗin da duk inda yaro ya karkata a kanta zai sauka. Katifun kwana biyu da aka jera suna da rami a tsakani, ƙafa ko gwiwar hannu kuma ramin suke samu. Tabarma da buhunan ƙaiƙayi ba sa cikin lissafi.

Wa zai tsaya

Nan ne maganar ta fi nauyi. Bidiyo yana nuna naɗin da ya yi daidai, ba ya nuna wanda aka kuskure da zagaye ɗaya, kuma zagaye ɗayan nan shi ne bambancin tsayawa da zubowa. Dole a samu wanda ya koya a hannun malami, ko da ƙungiya za ta tara kuɗi ta tura mutum biyu, namiji da mace, su koyo su dawo. Kafin nan akwai aikin yi da yawa a ƙasa. Kano na da 'yan koroso, waɗanda suka gwanance da alkafura da ɗaukar juna, ga kuma Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa da ta san inda suke. Shekara guda ta koyon mirgine, tsayuwa da hannu, jan jiki a sanda, da yadda ake faɗuwa ba tare da tokare hannu ba, ba asara ba ce. Da yawa daga yaran ma a nan za su samu abin da suke nema.

Tarbiyyar igiya kuma ba sai an je Kanada neman ta ba. A dubi masu haƙar rijiya. Mai shiga rami ba ya sauka sai ya bi igiyarsa da hannu, ya duba gwafa da itacen da aka gicciya, kuma ya san wa ke riƙe da shi a sama. Na sama ba ya tafiya shan shayi. Zan so a gayyaci tsohon mahaƙi ya zauna da yaran ranar farko, ya gaya musu da bakinsa dalilin da ya sa ba ya shiga da igiyar da bai duba ba. Za su ji daga gare shi fiye da yadda za su ji daga takarda.

Ranar da aka fara hawa, a ƙulla ƙyallen a daidai ƙugu, yadda yaro zai zauna, ya kwanta, ya juya, ƙafarsa na iya taɓa katifa. Makonni za a yi a haka. Sai maƙale ƙafa, sai hawa taku biyu da saukowa taku biyu, hannu bayan hannu, domin zamewa tana ƙona tafi da bayan gwiwa. Kada yaro ya hau inda ba shi da sauran ƙarfin saukowa. Yawancin masu koyo a gajiye suke sakin hannu, ba a tsakiyar wata bajinta ba. Wulwulowar nan da ta ja hankalinsu a waya ta masu shekaru a wasan ce. Mutum ɗaya a kan ƙyalle, malami a gefensa, sauran a zaune bayan layi, kuma kada rukuni ya wuce yara 6 zuwa 8 ga malami guda. Ƙyalle ba ya zagaya wuya ko da wasa. Waya kuma a ajiye ta, don yaron da ya san ana ɗaukar sa zai yi abin da bai kai ba.

Iyaye da shugabanni su ne farkon waɗanda za a sanar: mai unguwa, dagaci, liman, shugaban makaranta. A kira iyaye su ga wurin da idonsu, a gaya musu haɗarin ba ɓoye-ɓoye, wanda ya yarda ya sa hannu. A tambaye su lafiyar yaro: farfaɗiya, ciwon zuciya, asma, tsohuwar karaya, ciwon ido mai hawan ruwa, da sikila, wadda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu ita. Mai ɗaya daga cikinsu sai likita ya amince. Da azumi, ko tsakar ranar bazara, a dakata da juya kai ƙasa. Jiri a sama ba ya ba da sanarwa.

'Yan mata suna da haƙƙi a wannan wasa, kuma sau da yawa sun fi maza laushin jiki da haƙurin koyo. Tunda koyarwar sai da riƙe ƙugu da kafaɗa, mace ce za ta koya musu, a cikin gida mai katanga, da wata babbar mace a zaune. Tufafin da wasan ke so ma masu rufe jiki ne, dogon wando da riga mai dogon hannu, don kare fata. Amma dogon hijabi, da gyale, da allurar ɗaura ɗankwali, a cire su kafin hawa, a sa hula mai kama kai, domin duk abin da ke lilo a wuya yana iya cuɗewa da ƙyalle. Haka zobe, 'yan kunne, agogo, da laya ko kambu a jikin maza.

Idan an faɗo

Wannan a tsara shi tun ba a sayi komai ba. Aƙalla manya biyu su samu horon taimakon gaggawa. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini da Red Cross suna bayarwa. A ajiye tsani kusa, saboda yaron da ƙyalle ya sarƙe a sama. A san motar wa za a kira, a kuma san akwai mai a cikinta.

Al'adarmu ce in yaro ya faɗi a ruga a ɗaga shi, a girgiza shi, a yayyafa masa ruwa, a ɗora shi a babur. Ga wanda ya faɗo ta ka ko ta baya, wannan tausayin na iya zama sanadin shanyewar jikinsa har abada. A bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya motsa, a duba numfashi, kada a ba shi ruwa ko abinci. In dole a ɗauke shi, a kan abu mai faɗi da tauri irin ƙyauren ƙofa, mutum huɗu ko biyar su ɗaga tare, kai da wuya da baya a miƙe. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, in daga baya aka ga amai, ko ruɗewa, ko barci mai nauyi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, asibiti za a nufa a daren. Masu ɗori suna da matsayinsu a cikinmu, amma wuya da gadon baya da gwiwar hannun yaro sai an ɗauki hoton ƙashi. Ɗaurin da ya matse kumburarren hannu yakan tsayar da jini, likitocin Asibitin Ƙashi na Dala kuma sun sha karɓar yaran da aka kawo bayan hannun ya riga ya mutu. Gara a yi tafiyar Kano a ranar farko.

Sai ɗan littafin da za a riƙa rubuta dubawa a ciki. Kafin kowane zama, malami ya bi ƙyallen daga farko zuwa ƙarshe yana ɗaga shi ga haske, ya murɗa kowace ƙugiya, ya duba walda ko ta yi tsatsa ko ta tsage, ya rubuta kwanan wata. In ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ranar babu hawa, ko da shugaban ƙaramar hukuma ne ya zo kallo, kuma ƙungiya ta ba shi wannan iko a gaban kowa tun farko. In an tashi, a sauke ƙyallen, a ninke, a kulle shi a akwati tare da ƙarafan, makulli a aljihun malami, a kwantar da tsanin a wani gida daban, domin akwai yaran da za su dawo bayan magariba su gwada abin da aka hana su da rana.